Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano

Alhaji Yusuf Maitama Sule (1929–2017) ɗan siyasa ne kuma jakadan Nijeriya, wanda ya yi suna wajen iya magana da kuma yaƙi da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu.

An haife shi a birnin Kano ranar 1 ga Oktoba, 1929. Ya yi Elamantaren Shahuci da Midil ta Kano, sannan ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda daga baya aka sa wa suna Barewa. Da aikin koyarwa ya fara neman abin kansa. A 1954 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta Tarayya a ƙarƙashin jam'iyyar NPC, kuma daga 1959 ya riƙe muƙamin Ministan Ma'adinai da Lantarki a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa har juyin mulkin 1966. Bayan ƙirƙiro jihohi ya yi kwamishina a Kano zamanin Gwamna Audu Baƙo.

A 1978 ya nemi jam'iyyar NPN ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa, amma Shehu Shagari ya samu tutar. Maitama bai yi fushi da jam'iyya ba, kuma bayan Shagari ya zama shugaban ƙasa ya tura shi birnin New York a matsayin wakilin Nijeriya na dindindin a Majalisar Ɗinkin Duniya.

A can ya shugabanci kwamitin musamman na Majalisar mai yaƙi da wariyar launin fata, daga 1981 zuwa 1983. Kwamitin ba shi da soja, ba shi kuma da ikon tilasta wa kowace ƙasa. Makaminsa shi ne lallashi da tona asiri. A zamaninsa Majalisar ta ware shekarar 1982 domin gangamin neman a ƙaƙaba wa gwamnatin Afirka ta Kudu takunkumi, kwamitin kuma ya riƙa buga sunayen 'yan wasa da mawaƙan da suka je can duk da kiran ƙauracewa. Wannan aiki ya dace da mutumin da harshensa ne jarinsa, a Hausa da Turanci.

Ya dawo gida a 1983 aka naɗa shi minista, amma sojoji suka kifar da gwamnatin a ƙarshen Disambar shekarar. Daga nan ya koma dattijon ƙasa mai yi wa shugabanni nasiha kan adalci, ko bayan da ya rasa ganinsa. Ya rasu a Alƙahira ranar 3 ga Yuli, 2017, aka yi jana'izarsa a Kano.