Gola ko 'Yan Baya: Tsohuwar Muhawara a Hokin Ƙanƙara

Lokacin da aka kafa gasar NHL a Kanada a 1917, doka ta hana mai tsaron gida durƙusawa a kan ƙanƙara don tare faifan roba. A 1918 aka soke dokar, aikin gola ya fara zama sana'a mai zaman kanta. Amma aka daɗe ba a iya raba ƙoƙarinsa da na 'yan bayansa ba.

Kambun Vezina shaida ne. Daga 1946 zuwa 1981, golan ƙungiyar da aka zura wa mafi ƙarancin ƙwallaye shi ake bai wa. Jacques Plante na Montreal Canadiens, wanda ya fara sanya abin kare fuska a kai a kai tun 1959, ya ɗauki kambun sau biyar a jere daga 1956 zuwa 1960, shekarun da ƙungiyarsa ta riƙe Kofin Stanley, kofin zakarun gasar. Gwani ne, babu shakka. Sai dai a gabansa akwai Doug Harvey, ɗan bayan da ya fi kowa a zamaninsa. To, yabon na wa ne? A kakar 1981-82 aka raba gardama: manajojin ƙungiyoyi su zaɓi gwarzon gola, a kuma ba da sabon kambu, Jennings, don ƙarancin ƙwallaye.

Shekarun 1990 suka fito da amsar fili. Koci Jacques Lemaire ya tsara New Jersey Devils ta riƙa toshe tsakiyar fili, Scott Stevens da Scott Niedermayer suna gadi, Martin Brodeur a raga. A 1995 suka lallasa Detroit wasa huɗu babu ko ɗaya suka ɗauki Kofin Stanley, suka ƙara kofi a 2000 da 2003. Brodeur ya ƙware wajen fitowa bayan raga ya raba faifai, har a 2005 aka taƙaita wurin da gola zai taɓa shi a can.

Gola Dominik Hasek kuwa, abin tausayi, ya ɗauki Buffalo a kafaɗarsa shekara da shekaru. Ya zama gwarzon gasar baki ɗaya a 1997 da 1998, ya kai su wasan ƙarshe a 1999, Dallas ta doke su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai da ya koma Detroit, inda ɗan baya Nicklas Lidstrom ke tsare masa gaba, sannan ya ɗaga kofin a 2002.