Bunny Mellon: Attajirar da Ta Ɗauki Lambu Tamkar Littafi

Idan ana maganar masu taimakon fasaha, galibi hankalinmu kan tafi ga attajirin da ke miƙa kuɗi ya koma gefe. Tarihin Rachel Lambert Mellon, wadda aka fi sani da Bunny, ya nuna mana wani irin mataimaki daban, wato wanda ke sa dukiyarsa kuma ya sa hannunsa cikin ƙasa.

An haife ta a Amurka a shekarar 1910, a gidan arziki, domin kuwa danginta ne suka mallaki kamfanin maganin wanke baki na Listerine. Ba ta yi karatun tsara lambu a jami'a ba, daga tsofaffin littattafai da aikin hannu ta koya. A 1948 ta auri Paul Mellon, ɗan mutumin da ya kafa babban gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Washinton. Ita da mijin nata sun tara zane-zanen manyan masu fasaha, musamman na Faransa, kuma iyalin sun ba wa wannan gida kyautar fiye da guda 1,000.

Aikin da ya fito da sunanta ya zo ne a 1961. Shugaba Kennedy ya dawo daga rangadin Turai inda ya ga lambunan fadoji, sai ya roƙe ta ta sake fasalin Lambun Wardi na fadar White House. A 1962 ta kammala. Ta shimfiɗa koriyar ciyawa a tsakiya yadda za ta ɗauki taron baƙi, ta dasa itatuwan magnoliya a kusurwoyi huɗu, sannan ta jera furanni da ƙananan itatuwan tuffa a gefe biyu. Aƙidarta ita ce kada ado ya yi ihu, mai shiga ya ji daɗin wurin ba tare da ya ga wahalar da aka sha ba. Wannan ma darasi ne gare mu masu alƙalami. Daga baya ta taimaka wajen farfaɗo da lambun kayan miya na Sarki Luwi na 14 a Basai ta ƙasar Faransa.

To amma lambu abu ne mai rai, kuma kowane mai gida da nasa ra'ayin. A 2020 an cire itatuwan tuffar nan, a 2025 kuma aka daɓe filin ciyawar da duwatsu. Hasali ma da yawa daga cikin kayan adonta da zane-zanen da ta riƙe wa kanta an yi gwanjonsu bayan rasuwarta a 2014, tana da shekara 103.

Abin da ya tsira cif shi ne ɗakin karatun da ta gina a gonarta ta Oak Spring a Jihar Bajiniya, inda ta tara dubban littattafai da rubuce-rubucen hannu da zane-zanen tsirrai, wasu tun na ƙarni na 14. Ta kafa gidauniya ta bar mata dukiyar kula da shi, kuma masu bincike da marubuta na zuwa can su zauna su yi aiki.

Saboda haka duk lokacin da muka je wurin masu hali neman gudummawa, ya kamata mu wuce maganar sayen kofe a ranar ƙaddamar da littafi. Mu nuna musu cewa ɗakin karatu mai asusun kansa shi ne zai riƙe sunansu bayan an manta da gidajen da suka gina.