Jagorancin Masana'antar Tufafi a Italiya da Muhawarar Launin Fata

Gabatarwa

Italiya ta yi suna a duniya wajen ɗinki da kayan ado, kuma birnin Milan ne cibiyar wannan sana'a. Ƙungiyar da ke jan ragamarta ita ce Camera Nazionale della Moda Italiana, wadda aka kafa a 1958. Ita ke tsara makon baje kolin tufafi na Milan, wato ita ke tantance wanda za a ba fili. Carlo Capasa ya zama shugabanta a 2015.

Mafarin Muhawara

A Yulin 2008, editar mujallar Vogue Italia, Franca Sozzani, ta fitar da bugu na musamman wanda baƙaƙen mata kaɗai suka yi tallar kaya a ciki. An yaba mata, amma abin ya tsaya ga hotuna, kujerun shugabanci ba su sauya ba. Illar haka ta bayyana a Disambar 2018, lokacin da Prada ya janye wasu 'yan tsana masu baƙar fuska da jan leɓe. A Fabrairun 2019 Gucci ma ya janye wata riga mai irin wannan siffa. Kamfanonin biyu sun nemi afuwa. Masu suka sun ce da akwai baƙar fata cikin masu yanke shawara, da kayan ba su kai kasuwa ba.

Gwagwarmayar Stella Jean

Stella Jean mai zana tufafi ce haifaffiyar Roma, mahaifinta ɗan Italiya, mahaifiyarta 'yar Haiti. A 2020, bayan kisan George Floyd a Amurka, ta haɗa kai da Edward Buchanan da Michelle Ngonmo, haifaffiyar Kamaru, suka ƙalubalanci ƙungiyar. Daga nan shirin We Are Made in Italy ya fito da masu zane biyar 'yan asalin Nijeriya da Kamaru da Senegal da Maroko da Burundi. Ɗaya daga cikinsu, Joy Meribe 'yar asalin Nijeriya, ita ta buɗe makon Milan a Satumbar 2021.

Sai dai zaman bai ɗore ba. A Fabrairun 2023 Stella Jean ta miƙe a taron manema labarai na ƙungiyar, ta zarge ta da rage tallafi, ta kuma sanar da yajin cin abinci. Capasa ya musanta cewa an juya wa shirin baya.

Kammalawa

Tushen matsalar ya wuce ɗakin ɗinki. A dokar ɗan ƙasa ta 1992, yaron da baƙi suka haifa a Italiya sai ya cika shekara 18 kafin ya nemi zama ɗan ƙasa. Ƙuri'ar raba gardama ta Yunin 2025 kan sassauta sharuɗɗan zama ɗan ƙasa ta faɗi saboda ƙarancin masu jefa ƙuri'a. Saboda haka muhawarar wane ne zai jagoranci ɗinkin Italiya tana tafiya ne tare da muhawarar wane ne ɗan Italiya.