Riƙon Yara a Ƙasar Hausa

Tun zamanin kakanninmu, kafin a san gidan marayu ko ma'aikacin gwamnati mai zuwa da takarda, Hausawa sun riga sun tsara wa kansu hanyar da yaro zai tashi a hannun wanda bai haife shi ba, kuma ba lallai ne sai mutuwa ko talauci sun tilasta ba. Ɗan fari, wanda uwarsa ke jin kunyarsa har ba ta iya ambaton sunansa, galibi da an yaye shi sai kaka ta ɗauke. Goggo kuwa da Allah bai ba ta haihuwa ba, in ta je gidan ɗan'uwanta ta ce, "Yaya, a ba ni wannan ta riƙa ɗebe mini kewa," abin kunya ne a hana ta.

Malamai ba su yi inkarin wannan al'ada ba, domin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sha nono a wurin Halimatu Sa'adiyya, ya zauna hannun kakansa Abdulmuɗallibi, sa'an nan baffansa Abu Ɗalibi. Amma sun yi mata iyaka. Tun da Suratul Ahzabi ta sauka game da Zaidu ɗan Harisa aka haramta jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba, saboda haka ɗan riƙo yana nan da nasabarsa, ba ya gadon mariƙinsa, sai dai in an yi masa kyauta ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba. Alƙalanmu kuma, bisa Risala da Muhtasar, sun fifita dangin uwa wajen renon yaro idan aure ya mutu.

A nan ne, a ganina, nauyin ya faɗa kan mata. Mariƙiya ita ce mai kwana zaune ranar da ƙyanda ta kama yarinya, ita ke yi mata kitso, ta ɗora mata tallan ƙosai, ta riƙa tara ribar a asusu kwabo-kwabo tana sayen tasoshi da kwanuka shekara da shekaru. Amma ranar ɗaurin aure, sa'ad da aka tambayi waliyyi, sai ga dangin uba sun gyara zama a zaure, ita kuwa tana cikin gida tana fama da tukwane. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau, aka buga shi a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi har ta aurar da su.

Ba a taru aka zama ɗaya ba. Akwai gidajen da 'yar riƙo ita ce mai daka da ɗebo ruwa, ita ce ƙarshen cin abinci, kuma da wuya ta sami mai kai wa ƙara, tun da iyayenta na gudun a ce sun zargi zumu. Abin da ke kare ta a dā shi ne idon dangi da na mai unguwa, waɗanda duk suna kusa. Da birane suka cika, aka fara kai yaran ƙauye Kano da Kaduna da sunan riƙo alhali aikatau ne, sai wannan ido ya yi nisa, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 kuwa, wadda ta sa kotu cikin sha'anin riƙo, ta daɗe kafin jihohin Arewa da yawa su karɓe ta.