Daga Ƙwaryar Wanki zuwa Injin Niƙa: Yadda Haƙar Zinare Ta Sauya Kama a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya shiga Dutse ya ga duwatsun da suka ba garin suna, zai iya cewa a ransa ai nan ba za a rasa zinare ba. To, ilimin ƙasa bai goyi bayan wannan zato ba. Duwatsun Dutse 'yan gida ɗaya ne da na Riruwai da na Jos, sun daskare ne kimanin shekara miliyan 200 da suka wuce, kuma abin da aka san danginsu da shi kuza ne. Sauran tsakiyar Jigawa kuwa, idan ka nausa arewa da gabas, yashi ne da laka suka lulluɓe komai. Zinaren Najeriya yana yamma, cikin wasu tsofaffin duwatsu masu ɓare-ɓare da suka miƙe daga Anka da Maru, suka bi ta Birnin Gwari da Minna har Ilesha. Shi ya sa ɗan ci-ranin da ya tashi daga nan neman zinare sai ya yi doguwar tafiya. Ya kamata kuwa ya san tarihin ramin da zai shiga.

Da can Bahaushe ya fi sanin zinare a kasuwa, ba a rami ba. Kalmar kanta baƙuwa ce, daga dinarin Larabawa ta samo asali. Fataken Gwanja da ke ɗauko goro daga ƙasar Asante sukan haɗo da garin zinare, a auna shi da miskali, wato giram huɗu da ɗan ɗori.

Haƙar da aka rubuta lissafinta ta soma ne a 1913, zamanin Turawa, kuma ta daɗe tana tafiyar hawainiya. Abin da ya tashe ta daga barci ba a nan ya faru ba. A watan Satumba na 1931 Ingila ta daina jingina darajar fam ɗinta da zinare, sannan a 1934 Amurka ta ɗaga farashin oza ɗaya, wato kusan giram 31, daga dala 20.67 zuwa dala 35. Nan da nan sansanonin haƙa suka bazu a lardunan Neja da Zariya da Sakkwato. Turawa ke riƙe da lasisi, domin dokar ma'adinai ta mallaka wa gwamnati duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa, namu kuwa lebura ne. (Wannan doka ba ta mutu ba, tana nan a sashe na 44 na tsarin mulkin 1999.)

Abin lura shi ne yadda ake aikin. Mafi yawan zinaren wancan zamani daga tsakuwar rafi aka same shi. Ruwan sama ya riga ya yi shekara dubbai yana farfasa dutse, yana tara ƙwayoyin a gindin ƙorama. Sai a ɗebo yashin a ƙwarya ko kwano, a riƙa jujjuya shi cikin ruwa. Zinare ya fi ruwa nauyi sau 19, ya ninka yashi kusan sau bakwai, don haka yashi ya tafi, shi ya kwanta a ƙasa. Aiki ne na wahala, ga sauro, ga ƙarancin lada, ga gaɓar rafi da kan rufta. Amma aikin a jiƙe yake, ba ya tayar da ƙura, kuma a daji ake yin sa, nesa da inda yara ke rarrafe.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kashe kasuwar. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta karkata ga Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas a kan tsaunin, inda sanyi da yunwa da cuta suka hallaka da yawa. Sansanonin zinare suka watse, ciyawa ta rufe ramukan.

Farashi ne ya sake buɗe su. A 2001 oza ba ta kai dala 300 ba, a watan Maris na 2008 ta haye dala 1,000. Sai dai zinaren rafi mai sauƙin samu an riga an tsince shi. Abin da ya rage yana manne cikin jijiyoyin farin dutse, sai an haƙa rami, an fasa, an niƙa kamar gari kafin a wanke. Da me za a niƙa a ƙauye? Da abin da ake da shi: turmi da taɓarya, da injin niƙan hatsi. A ina? A cikin gari, sau da yawa ma a tsakar gida, domin matan da ke kulle su ma su sami na kashewa.

A wasu ramukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, dutsen da ke ɗauke da zinaren cike yake da dalma. Ma'adinin dalmar nan ba baƙo ba ne gare mu, shi ne baƙin dutse mai ƙyalli da ake niƙawa a yi kwalli, abin da ya sa likitoci ke hana ranɗa wa jarirai kwallin gargajiya. Ka ƙaddara ana niƙa buhu-buhu na irinsa a busasshe, kullum, kusa da tukunyar tuwo.

A farkon 2010 agwagin ƙauyukan suka fara mutuwa. Sai yara suka biyo baya: amai, zafin ciki, farfaɗiya, suma. An ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka yi ta ba da magani ba sauƙi. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, gwajin jini kuma ya nuna dalma ce. Da masu bincike na hukumar CDC ta Amurka da takwarorinsu na Najeriya suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma, sun tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Na'urar gwajin da aka je da ita ba ta iya karanta abin da ya wuce mikrogiram 65 a desilita ɗaya ta jini, kuma jinin mafi yawan yaran ya wuce nan, alhali daga 45 ake fara ba da maganin fitar da gubar. A wasu wurare an auna dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan a ƙasa, yayin da ma'aunin Amurka na lokacin ga filin gida 400 ne. Jimillar yaran da suka rasu ta kai aƙalla 400.

Me ya sa yara, ba mahaƙan da kansu ba? Yaro hannunsa kullum daga ƙasa sai baki. Hanjinsa yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke tsotsa, domin jiki na ɗaukarta a matsayin sinadarin gina ƙashi. Ƙwaƙwalwarsa kuma tana cikin girma. Wanda ya tsira ma, lahanin da ya samu a fahimta da ji ba ya komawa.

Maganin ya zo da wani sharaɗi mai wuya. Akwai ƙwayar DMSA da ke kama dalma a jini ta fitar da ita ta fitsari, amma ba ta da amfani idan yaron zai koma wasa a ƙasa mai guba. Dole sai an fara kankare saman ƙasar kowane gida, an binne ta nesa, an zubo sabuwa. An yi wa ƙauyuka bakwai haka a 2010 da 2011, ciki har da Abare da Sunke da Tungar Daji. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗi har farkon 2013, lokacin da gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kimanin dala miliyan 4 bayan matsin lambar 'yan fafutuka. Duk tsawon wannan jira likitoci na kallon yaran Bagega, ba damar fara magani. Bayan shekara biyu, a 2015, irin wannan ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Ramin kansa wani babi ne. A 2021 aka gano zinare a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, dab da iyakar Jibiya, dubban mutane suka kwarara can daga Nijar da Najeriya. Ran 7 ga Nuwamba ramuka suka rufta a Garin Liman. An fara da ƙirga gawa 18, daga baya adadin ya haura 30. Yadda irin wannan ke faruwa sananne ne. Kowa na haƙa tasa rijiyar dab da ta maƙwabcinsa, idan an kai ƙasa sai a bi jijiyar dutsen a kwance, ramuka su haɗe, ginshiƙin ƙasar da ke riƙe da sama ya sirance. Shi ma ginshiƙin akwai zinare a jikinsa, to wa zai bar shi? Ga ba katakon tokari, ga tulin ƙasar da aka fitar an jibge a bakin rami yana ƙara nauyi. Wani kisan mummuƙen shi ne injin jan ruwa ko janareta da ake kunnawa a cikin rami ko a bakinsa: hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari, mutum ya ji kasala kawai, ya zauna, shi ke nan.

Sai zaiba, ruwan ƙarfen da ake cuɗa garin dutse da shi don ya kama zinare. Idan aka ƙona curin a wuta zaibar ta tashi tururi, mai ƙonawa da na kusa da shi su shaƙa, a hankali hannu ya soma rawa, ƙoda ta lalace. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba a 2018, amma ɗan tukunyar ƙarfe mai murfi da bututu, wanda ke kama tururin ya mai da shi ruwa a sake amfani da shi, har yanzu bai zama kayan aikin kowa ba, duk da cewa maƙerin gari zai iya ƙera shi.

Abin da hukumomi suka fi saurin yi shi ne hani. An rufe filin Ɗan Isa bayan ruftawar. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙa a Zamfara a watan Afrilu na 2019 saboda 'yan bindiga, ba ta ɗage ba sai Disamba 2024. A ganina hani kaɗai yakan ƙara dagula lissafi ne, domin wanda ke tsoron kamu ba zai niƙa dutsensa a fili ba, cikin gida zai shige da shi. Abin da aka gwada aka ga tasirinsa ya fi wannan araha. A jihar Neja, MSF da ƙungiyar Occupational Knowledge International sun sa wa injinan niƙa bututun fesa ruwa, sakamakon da suka wallafa a 2019 ya nuna dalmar da ke cikin iska ta ragu da kashi 95 cikin 100, ƙurar dutse mai shiga huhu kuma da kashi 80. Aka haɗa da fitar da niƙa bayan gari, da wanka da sauya tufafi kafin a koma gida. Wato dai ruwa da nisa, abubuwa biyun da masu ƙwaryar 1930 suke da su ba tare da sun shirya ba.

Wannan ƙurar ta biyu ita ta shafi Dutse kai tsaye. Dutsen da ake fasawa a nan don tsakuwar gini yana ɗauke da farin ma'adinin da ke cikin jijiyoyin zinaren Anka. Ƙwayoyinsa da ido ba ya gani suna maƙalewa a huhu, su bar tabon da ba ya warkewa, kuma sai bayan shekara goma ko fiye tari da haki ke bayyana. A hoton ƙirji yana kama da tarin fuka, yana kuma ƙara haɗarin kamuwa da tarin fukan kansa, don haka duk mai fasa dutsen da ya je asibiti da tari ya faɗa wa likita sana'arsa da shekarun da ya yi a cikinta.