Kujerar jiran tsammani ta matuƙan ƙananan jirage a Amurka

Daga cikin abubuwan da kamfanonin jiragen sama a Amurka kan kwaɗaita wa ma'aikatansu da su, akwai damar hawa jirgi kyauta ko a kan kuɗi ƙalilan. Sharaɗin shi ne, sai an gama ɗaukar fasinjojin da suka biya, sannan a ba ma'aikaci kujerar da ta yi saura. Idan jirgi ya cika, sai ya jira na gaba.

Matuƙan kamfanonin jiragen shiyya na cikin masu cin wannan moriya. Kamfanoni ne irin su SkyWest da Republic da Endeavor da Envoy, waɗanda ke jigila tsakanin ƙananan garuruwa da manyan birane a madadin Delta da United da American. Galibi damar kan haɗa da matar aure ko miji, da 'ya'ya, da iyaye.

Yadda ake bin layi

A Delta da United, daɗewa a bakin aiki ake dubawa wajen jera masu jira. A American kuwa, wanda ya riga yin rajistar tafiya shi ne gaba. Sau da yawa, matuƙin kamfanin da kwangila kawai ya ƙulla da babban kamfani yakan tsinci kansa a bayan ma'aikatan babban kamfanin, kome daɗewarsa yana tuƙi.

Akwai kuma kujera ta musamman a cikin ɗakin tuƙi, wadda matuƙi kan nema idan wuri ya ƙure, amma sai da yardar kyaftin ɗin jirgin. An tsananta ƙa'idojin hawanta bayan hare-haren 11 ga Satumba, 2001.

Ana ɗaukar wannan dama tamkar ta yawon buɗe ido ce, alhali ga matuƙa da dama hanyar zuwa aiki ce. Tsadar haya a manyan birane, da yawan sauya musu sansanin aiki, kan sa mutum ya bar iyalinsa a wata jiha, yana bin jirgi zuwa inda zai kama aiki. Da yake ba shi da tabbacin kujera, yakan taso da wuri, wani lokaci ya kwana a filin jirgi.

Haɗarin Buffalo

Lamarin ya fito fili ne bayan da jirgin kamfanin Colgan Air ya faɗi a kusa da birnin Buffalo ranar 12 ga Fabrairu, 2009, inda mutane 50 suka rasu. Mataimakiyar matuƙin jirgin ta kwana ne a hanya, cikin jiragen dakon kaya, daga Seattle da ke yammacin ƙasar zuwa Newark da ke gabas.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ɗora alhakin haɗarin a kan kuskuren kyaftin ɗin, amma ta ce da alama gajiya ta taɓa aikin matuƙan biyu. Ta kuma gano cewa daga cikin matuƙan kamfanin 137 da ke sansanin Newark, 93 daga wasu wurare suke zuwa aiki.

A shekara ta 2010 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta tsaurara sharuɗɗan zama matuƙin jirgin fasinja. Sababbin ƙa'idojin da suka soma aiki a watan Janairun 2014 sun wajabta hutun aƙalla sa'o'i 10 kafin matuƙi ya kama aiki. Sai dai ba su ƙayyade nisan da zai iya tasowa daga gida ba, an bar masa ya sa hannu da kansa cewa yana cikin hayyacin da zai iya tuƙi.