Lambar Da Ba Ta Rabuwa

Tun kafin zuwan Turawa Zazzau a 1902, malaman Birnin Zariya, irin na Unguwar Juma da na Kona, sun san hisabi ƙwarai, domin rabon gado ba ya yiwuwa sai da shi. Ga misali. Mace ta rasu ta bar miji da uwa da 'ya'ya mata biyu. Asalin rabon kashi 12 ne: miji 3, uwa 2, 'ya'ya 8. In aka tara sai a ga 13. To, dole alƙali ya mai da dukiyar kashi 13, kowa ya ɗan ragu, kada a ci haƙƙin marayu. Ita kuwa 13 taurin kai gare ta, ba abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Haka 7 da 17, waɗanda su ma su kan fito a rabon gado. Larabawa su kan kira irin wannan lamba adadul awwal.

Ƙananansu ba su da wuyar ganewa, manyan ne su ka sha ba masana kunya. A 1640 wani alƙalin Faransa, Fermat, gwanin lissafi, ya ce a ganinsa lambar nan 4,294,967,297 ba ta rabuwa. Bai kawo hujja ba, amma saboda girmansa maganar ta zauna shekara 92. Sai a 1732 wani malami mai suna Euler, mazaunin ƙasar Rasha, ya raba ta da 641, ta ba da 6,700,417 cif, ba saura. Ba laluben makaho ya yi ba. Ya gane cewa duk abin da zai raba irin wannan lamba, in an ɗebe masa 1, wajibi ne 64 ta raba shi, don haka kaɗan kawai ya gwada. Mai allo da tawada ya iya bin sawunsa ya tabbatar da kansa. A daidai wannan zamani ne Muhammadu ɗan Muhammadu Bakatsine ya ke rubuta littafinsa na wafaƙi, watau hatimin lambobi, kafin rasuwarsa a Alƙahira a 1741.

A 1876 wani Bafaranshe, Lucas, ya tabbatar da wata mai baƙi 39 ba ta rabuwa, da hannu kuma ya yi aikin. Asalinta a jera 2 har guda 127, a ninka su da juna, a ɗebe 1. Ba wanda ya wuce shi sai a 1951, da na'ura ta shigo. A 2024 kwamfuta ta gano wata mai baƙi 41,024,320. Magatakardan da ke rubuta baƙi ɗaya kowace daƙiƙa, dare da rana ba hutu, sai ya shekara guda da wata uku da 'yan kwanaki kafin ya kai ƙarshenta.